Tambaya kan kwararar ruwan Tekun Atlantika da makomar daminarmu

Malam Habu, Sabon Gari, Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da labarin ƙasa a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan cikin gari, kuma abin da ya kawo ni shi ne wata tambaya da ɗalibata ta yi mini ranar Talata, wadda har yanzu ban ba ta amsar da ni kaina na gamsu da ita ba. Yarinyar ta zo da wayar yayanta ta nuna mini wani ɗan bidiyo da ke yawo a WhatsApp, inda wani mutum ke cewa akwai wani babban kogi a cikin Tekun Atlantika wanda yake gab da tsayawa, kuma ranar da ya tsaya Turai za ta daskare, mu kuma damina za ta ƙaurace mana. Har shekara ya ambata, wai 2050. Na ce mata ta zauna za mu koma kan maganar, amma gaskiya ita ce abin da aka koya mana game da teku lokacin muna ɗalibai bai wuce kibiyoyi ja da shuɗi a kan taswira ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne awon. Rijiya mun san yadda ake gane ta ja baya, domin igiyar guga ce ke faɗa mana. Amma ruwan da ke gudu a tsakiyar wani ruwan, babu gaɓa, babu gada, ta yaya mutum zai auna shi har ya ce ya ragu? Kuma idan ma an auna, shin raguwar ta riga ta faru ne ko hasashe ake yi? Sannan ina so in san abin da ya haɗa wannan al'amari da geron da ake shukawa a Mirriya, alhali tsakaninmu da bakin teku akwai kusan kilomita 1,000. Duk wanda Allah ya hore wa sani a kan wannan ya taimaka mini.

Malama Hadiza, Tudun Jamus

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Mai bidiyon bai ƙirƙiro abin daga kansa ba, sai dai ya ɗauki maganar da masana ke jayayya a kanta ya mayar da ita sanarwa. Abin da yake kira kogi shi ne babbar kewayawar ruwan Atlantika, wadda masana ke taƙaita sunanta da AMOC. Ruwa mai ɗumi da gishiri yana tafiya ta saman teku zuwa arewa, kuma idan ya isa wajajen Girinland da Aisland da Norwe, sai iska mai tsananin sanyi ta zuƙe masa zafinsa, ya yi nauyi, ya nutse, ya juyo kudu ta ƙarƙashi a zurfin kilomita 2 zuwa 3. Nauyin ruwan shi ne tushen al'amarin, kuma abu biyu ne ke ba shi nauyi, wato sanyi da gishiri. Ɗumamar yanayi tana taɓa su duka biyun, domin saman teku yana ƙara ɗumi, sannan ƙanƙarar Girinland tana narkewa da kimanin tan biliyan 270 a shekara, ruwan da babu gishiri a cikinsa yana shiga yana tsinka na teku. Ruwan da bai yi nauyi ba kuwa ba ya nutsewa da kyau.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa Sverdrup, sunan wani masanin teku ɗan ƙasar Norwe. Sverdrup ɗaya shi ne mita kib miliyan 1 a kowace daƙiƙa, kuma mita kib shi ne wannan da ake lissafa mana a takardar kuɗin famfo, jarka 50 masu lita 20. AMOC tana ɗaukar kimanin Sverdrup 17. Idan aka haɗa duk kogunan duniya, har da Amazon da Kwango da Kwara, abin da suke zubarwa a teku bai fi Sverdrup 1 da ɗan ɗori ba.

Maganar awo kuma, tun 2004 masanan Ingila da na Amurka suka jera na'urori a kan layin digiri 26.5 arewa, daga Fulorida da tsibiran Bahamas har zuwa kusa da tsibiran Kanari da gaɓar Maroko. Sunan aikin RAPID. Mu muna kan digiri 13.8, ke nan layin yana can arewa da mu sosai. Ba kowane ɗigon ruwa suke bi ba. Suna sauke doguwar waya daga jirgin ruwa, a ƙasanta an ɗaura nauyin ƙarfe, sau da yawa tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa, a samanta kuma ƙwallaye masu iyo da ke miƙar da ita tsaye a cikin ruwa. A jikin wayar an jera na'urori masu rubuta zafi da gishiri a zurfi daban-daban. Daga bambancin nauyin ruwa tsakanin gefen gabas da gefen yamma ake lissafa yawan abin da ke ratsawa ta tsakiya. Bayan kimanin shekara ɗaya da rabi jirgi ya dawo, ya aika da wani sauti cikin ruwa, ƙugiyar ta saki ƙarfen, wayar ta taso sama a kwashe abin da ta rubuta.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne na mashigin da ke tsakanin Fulorida da Bahamas, inda Gulf Stream, wato babban magudanar ruwan ɗumi mai bin gaɓar Amurka zuwa arewa, ke matsewa ya wuce. Akwai wayar tarho da aka shimfiɗa a ƙasan ruwa a wurin. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, kuma idan yana gudu a cikin maganaɗisun duniya yana haifar da ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki wanda ake iya karantawa a bakin wayar. Da wannan dabara aka yi ta auna kwararar shekara da shekaru daga 1982, kuma tana kai kimanin Sverdrup 32. Yawancin wannan ruwa iska ce ke tura shi, saboda haka Gulf Stream ba zai tsaya ba muddin iska na kaɗawa kuma duniya na juyawa, ko da AMOC ta raunana.

Ga abin da ya sa nake cewa a yi hattara da sanarwa. A 2005 wani masani mai suna Harry Bryden da abokan aikinsa suka wallafa cewa AMOC ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Hujjarsu ita ce awo biyar da jiragen ruwa suka yi a 1957 da 1981 da 1992 da 1998 da 2004. Ba a jima ba sai sakamakon shekarar farko ta RAPID ya fito, ya nuna cewa a cikin shekara guda kaɗai kwararar ta yi ta hawa da sauka tsakanin Sverdrup 4 da kusan 35. Kamar mutum ne ya shiga Kasuwar Dole sau biyar a cikin shekara 47, wata zuwan da kaka, wata zuwan da bazara, sannan ya ce ya san tarihin farashin tiyar hatsi.

Alhaji Mamman Sani, Birni

Salamu alaikum. 'Yata Hadiza, Allah ya ƙara basira, misalinki na kasuwa ya shige ni. Ni ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi a hanyar Makka, amma na yi shekaru masu yawa ina karanta ma'aunin ruwan sama kowace safiya, in zuba abin da ya taru a cikin kwalbar awo, in durƙusa har idona ya yi daidai da layin, in rubuta a littafi, a aika Yamai a karanta a rediyo tare da na sauran garuruwa. Abin da aikin ya koya mini shi ne shekara ɗaya ba ta shaida komai. Damagaram tana samun wajen milimita 400 a shekara, amma wannan adadi ba ka cika ganinsa a littafi ba, sai ka ga wata shekarar ta haura shi nesa, wata kuma ta gaza kai wa ko kusa. Shi ya sa a aikin meteyo ba a kiran abu al'adar yanayin wuri sai an tara shekara 30. To idan waɗannan wayoyi na teku tun 2004 aka sa su, ai ko shekarun littafi ɗaya cikakke ba su kai ba.

Na ga farin 1973, na ga na 1984. Na ga mutanen Damargu sun gangaro da ragowar dabbobinsu, saniya tana faɗuwa a bakin hanya ba mai waiwayarta. A lokacin manya da yawa sun yanke cewa damina ta tafi ke nan, kuma laifin da aka yi ta ɗora mana shi ne mun sare itatuwa, makiyaya kuma sun cinye ciyawa har ƙasa ta tsiraice. An faɗa mana haka a taro, an faɗa a rediyo, har muka yarda. Sai ga shi ruwa ya soma dawowa daga shekarun 1990, har ta kai a watan Satumba na 2024 tsohon masallacinmu na nan Birni, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe saboda yawan ruwa. Ina tsaye a unguwar ranar, kuma ban taɓa zaton zan ga wannan da idona ba.

Daga baya na ji ana cewa farin wancan lokaci daga teku ya taso. Tambayata gare ki, 'yata, ita ce: shin wannan kewayawar da kike magana ita ce ta raunana a 1984 har muka sha abin da muka sha? Idan ita ce, to ke nan mun riga mun ɗanɗana abin da yaron bidiyon ke tsorata mutane da shi.

Ibrahim, malamin gona, Magariya

Barkanku da war haka. Baba Alhaji, kafin Malama ta dawo, bari in sa baki daga ɓangaren da nake aiki, domin ina ganin ana neman haɗa teku biyu a tukunya ɗaya. Tekun da ke taɓa shukarmu kai tsaye kowace shekara shi ne na kudu da mu, wato Mashigin Gini. Daga wajen watan Mayu zuwa Yuni wani harshe na ruwan sanyi yana tasowa a can kan layin tsakiyar duniya, a daidai lokacin da Sahara ke tafasa. Wannan bambanci tsakanin teku mai sanyi da hamada mai zafi yana cikin abin da ke jawo iska mai laima zuwa arewa, har layin da take karo da busasshiyar iskar hamada, wanda ma'aikatan meteyo ke kira FIT, ya wuce mu. A ƙarshen watan Yuni babban ɗamarar ruwan sama kan yi tsalle daga wajen digiri 5 zuwa digiri 10. Idan kuwa ruwan Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da kima, hadari kan maƙale a bakin teku mu kuma mu yi ta kallon sama, kuma 1984 tana cikin irin waɗannan shekaru.

Wannan yanki ma ana sa masa ido. Tun 1997 Barazil da Faransa da Amurka suka kafa wasu na'urori masu iyo da aka ɗaure a wuri guda a yankin Atlantika mai zafi, ana kiran aikin PIRATA. Ɗaya daga cikin matsalolinsu ita ce kifi yana son taruwa a ƙarƙashinsu, masunta kuma suna bin kifi, har wani lokaci a lalata na'urar. Akwai kuma na'urorin Argo kusan 4,000 a tekunan duniya, kowace tana yawo a zurfin mita 1,000, bayan kwana 10 ta nutse zuwa mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika wa tauraron ɗan'adam, ta koma. Zafin saman teku da ake samu daga irin waɗannan da kuma taurarin ɗan'adam yana cikin abin da cibiyar AGRHYMET da ACMAD a Yamai ke dubawa kafin a fitar da hasashen damina kowace shekara.

Manomin da ya tare ni a bakin gona ba ya tambayata 2050. Yana tambayata ko ya yi binne ko ya jira, kuma ko zai sa ɗan gajeren iri. Abin da muke gani a ƙasa yanzu shi ne ruwa yana zuwa da ƙarfi a dare ɗaya ya kwashe shuka, sannan a yi kwana goma sha ba ɗigo. Wani bincike na 2017 da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna manyan haduran Sahel masu tsanani sun ninka sau 3 tun 1982.

Malama Hadiza, Tudun Jamus

Malam Ibrahim ya yi daidai da ya raba su. Baba Alhaji, amsar tambayarka tana da rabi biyu. Rabin farko tabbatacce ne: tun 1986 Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa shekarun farin Sahel sun zo daidai da lokacin da tekunan arewacin duniya suka yi sanyi idan aka gwada su da na kudu, kuma a 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka nuna cewa idan aka ba kwamfuta tarihin zafin teku kaɗai, tana iya fitar da yawancin tarihin daminar Sahel. Wannan ya sauke wa makiyayi da mai gatari babban kaso na laifin da aka ɗora musu. Ƙa'idar ita ce ɗamarar ruwan sama tana karkata zuwa ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi, mu kuma muna zaune a bakin gefenta na arewa, inda ja da baya kaɗan ke raba Magariya da Tanut.

Rabi na biyu shi ne abin da ya sanyaya arewacin Atlantika a lokacin, kuma a nan masana sun rabu. Wasu suna danganta shi da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka wanda ya tare hasken rana, wasu kuma da sauyin kewayawar teku. A 1984 babu wayoyin RAPID da za su raba gardamar. Amma AMOC ita ce ke kai zafi arewa, saboda haka idan ta raunana ƙwarai, arewa za ta yi sanyi, ɗamarar ta koma kudu. Lakar da aka haƙo daga ƙasan teku a gaɓar Sinigal ta nuna cewa a zamanin ƙanƙara, lokutan da kewayawar ta yi rauni sosai, kamar wajen shekara 16,000 da suka wuce, Sahel ta shiga fari mai tsawon ƙarnuka.

Game da abin da aka auna kuwa, a 2009 zuwa 2010 AMOC ta faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 na tsawon shekara guda, yawanci saboda iska, sannan ta farfaɗo. A 2024 kuma aka gano cewa maganaɗisun duniya da kansa yana sauyawa a hankali, kuma ba a cire wannan daga lissafin wayar Fulorida ba. Da aka gyara, sai kwararar mashigin ta bayyana kusan a tsaye tsawon shekara 40, raguwar da ake gani a lissafin RAPID ma ta ƙanƙance. Wani jerin na'urori mai suna OSNAP, daga Kanada zuwa Girinland zuwa Sikotland tun 2014, ya nuna cewa yawancin nutsewar tana faruwa ne gabas da Girinland, ba a Tekun Labrador ba kamar yadda aka daɗe ana zato. Masu cewa ta riga ta raunana suna dogara ne da alamomi na kaikaice, musamman wani yanki kudu da Girinland wanda ya ƙi ɗumi yayin da sauran duniya ke ɗumi, kuma daga nan wani bincike na 2018 ya ƙiyasta raguwar kashi 15 cikin 100 tun tsakiyar ƙarni na 20.

Malam Habu, shekarar da ɗalibarka ta ji ta yi kama da ta wani bincike na 2023 daga Jami'ar Kofanhegan, na Peter da Susanne Ditlevsen, waɗanda suka ce rushewar AMOC za ta iya faɗawa tsakanin 2025 da 2095, mafi kusa a tsakiyar ƙarni. Masana da yawa sun soki hanyar lissafin domin ta dogara ne da zafin saman teku na wuri guda. Kwamitin IPCC, na masana sauyin yanayi a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2021 ya ce akwai yiwuwa mai ƙarfi ƙwarai cewa AMOC za ta raunana a wannan ƙarni, amma yana da matsakaicin tabbaci cewa ba za ta rushe farat ɗaya kafin 2100 ba. Ni kalmar matsakaici ce ba ta kwantar mini da hankali, domin rahoton ya ambaci raunin daminar Afirka a cikin abin da zai biyo baya idan ta rushe.

Malam Habu, Sabon Gari, Damagaram

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba Alhaji, na karanta wa ajin abin da ka rubuta game da 1984, kuma an yi tsit, domin da yawansu ba su taɓa jin labarin daga bakin wanda ya gani ba.

Jiya na gwada maganar nauyi a gabansu. Na cika babbar kwalba da ruwa mai ɗumi, na sa aka kawo zoɓo mai sanyi daga wajen mai sayarwa a ƙofar makaranta, na narka masa gishiri cokali uku, na zuba a hankali ta gefen kwalbar. Jan ruwan ya gangara ya kwanta a ƙasa kamar an shimfiɗa shi. Sai na sake da zoɓo mai ɗumi wanda ba sukari ba gishiri, ya tsaya yana yawo a sama ya ƙi sauka. Yarinyar da ta kawo bidiyon ce ta fara cewa wannan na biyun shi ne ruwan Girinland.

Na ba su aikin gida su tambayi kakanninsu shekarun da aka yi fari da waɗanda aka yi ruwa. Baba, idan akwai sauran littattafan awonka a gida, ina neman izinin in zo Birni ranar Asabar bayan la'asar in kwafi adadin shekarun, mu zana su a allo mu gani ko yaran za su iya gane inda farin ya fara da inda ya ƙare.